Me ya sa ƴan'uwan yaro mai galahanga ke jin haushinsa?

Duk ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun ƙarshen 2007 don faɗakarwa kan galahanga, maganar takan tsaya a kan mutum biyu: yaron da mahaifiyarsa. Sun cancanci a yi maganarsu, har ma fiye da yadda ake yi. Amma a tsakar gidan akwai waɗansu da ba a cika tunawa da su ba, wato yayyen yaron da ƙannensa, kuma idan aka tuna da su to laifi suka yi.

A gidan wata ƴar'uwata nan unguwar Birni a Damagaram na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Yarinya ce mai shekara 13, ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar ƙanenta mai shekara 7 ya tsoma littafin rubutunta a randa, yana ɗaga shi yana kallon yadda ruwan ke ɗiga. Darasin wata uku ne a ciki. Ba ta taɓa shi ba. Ta tsaya ne kawai ta ce, “Wallahi Inna, da ma ba a haife shi ba.” Kafin ta rufe baki ta sha mari, kafin magariba kuma labari ya gama dangi: yarinyar nan ba ta da imani, ɗan'uwanta na ciki ɗaya, marar lafiya, take wa fatan haka.

Shin rashin imani ne? Ko mugun hali? Ni dai ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk wanda ya zauna kwana uku a irin wannan gida zai ga inda tsamin ya samo asali.

Wane irin yanayi ne galahanga?

Kalmar kanta tana da ruɗani. A bakin jama'a ana kiran yara iri-iri da ita: wanda jikinsa ya shanye tun haihuwa, wanda hankalinsa ke tafiya a hankali, da wanda likitoci ke cewa yana da otizim. Na ƙarshen nan nake nufi. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki, alamunsa kuma sukan bayyana kafin shekara uku. Yaro ba ya waigowa idan an kira sunansa alhali kunnensa lafiya lau, ba ya son haɗa ido, magana ta yi jinkiri ko ta zo ta koma, yana maimaita motsi ɗaya ko kalma ɗaya, kuma ƙaramin sauyi a abin da ya saba yana iya tayar masa da hankali. Ƙarar injin niƙa ko ta lasifika da mu ba ma ko lura da ita, shi tana iya zame masa azaba. Waɗansunsu ba sa magana sam, waɗansu kuma suna karatu har jami'a.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana yanayin dalla-dalla a 1943, bayan ya lura da yara 11. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 shi ne kusan yaro ɗaya cikin 100, kuma an fi gano shi ga maza. Wani babban bincike da aka fitar a 2019, wanda ya duba yara sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin daga ƙwayoyin gado yake. Haihuwar bakwaini, wahalar numfashi lokacin haihuwa, da yawan shekarun uwa ko na uba, su ma suna ƙara yiwuwarsa. Allurar rigakafi ba ta kawo shi. Rahoton da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila a 1998 an janye shi a 2010 bayan an gano maguɗi a cikinsa. Ba tarbiyya ce ta gaza ba, ba kuma ya yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya.

Na tsaya kan wannan ne saboda yawancin ƴan'uwan irin waɗannan yara ba a taɓa zaunar da su an yi musu ko rabin wannan bayani ba. Abin da suka sani shi ne “ba shi da lafiya”, shi ke nan.

Haushi daban, ƙiyayya daban

Hausa ta rarrabe waɗannan abubuwa, mu ne muke cakuɗa su idan ranmu ya ɓaci. Kishi shi ne ka ga an ba wani abin da kake so a ba ka. Haushi shi ne ɗacin da ke taruwa a zuciya idan kana ganin an ɗora maka abin da ba naka ba, ba kuma ka da bakin faɗa. Ƙiyayya kuwa son sharri ne ga mutum. Abin da na fi gani a wajen waɗannan yara haushi ne, gauraye da kishi kaɗan, ƙiyayya kuwa da wuya.

Hujjata ita ce yarinyar nan dai. Bayan kwana biyu da marin, wani yaro a layinsu ya kira ƙanenta mahaukaci, ta kama shi da kokawa har zanenta ya yage. Ita ce kuma kaɗai a gidan ke gane cewa idan ya fara buga kunnensa da tafin hannu to ƙishi yake ji. So da haushi suna zaune a zuciya ɗaya, kuma wannan ne ya fi wahalar da yaran, domin duk lokacin da haushin ya taso sai kunya ta biyo baya, su ɗauka su mugaye ne.

Maganar ba sabuwa ba ce. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 8, ƴan'uwansa sun fito fili sun ce Yusuf da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu. Gidan Annabi Yakubu ke nan, kuma abin da suka aikata daga baya laifi ne babba. Amma tun kafin a kai ga rijiya, abin ya fara ne daga yadda suka fassara kulawar uba.

Inda ɗacin ke taruwa

Na farko kuma mafi nauyi shi ne raino. A Nijar mace takan haifi ƴaƴa da yawa. Ƙididdigar 2012 ta nuna 7.6 ga kowace mace, ta 2021 kuma 6.2. A irin wannan gida ba abin mamaki ba ne ƴar shekara takwas ta goya ƙanenta, kowa da haka ya tashi. Sai dai raino na yau da kullum yana da ranar ƙarewa: yaro ya yi ƙafa, ya yi baki, ya bi sa'o'insa waje, mai raino ta huta. Rainon yaro mai galahanga mai tsanani ba ya ƙarewa a shekara uku. Uwa ta sake ɗaukar ciki, ta haihu, ta yaye, shi yana nan yana bukatar ido a kansa dare da rana, kuma idon nan galibi na babbar ƴa mace ne. Ɗa namiji yana makaranta, yana filin ƙwallo, yana shagon babansa. Ba a ce masa ya zauna.

A duba yinin yarinyar nan. Ba ta yi barcin kirki ba, domin ɗakinsu ɗaya, shi kuma irin yaran nan da yawa barcinsu gajere ne, ƙarfe uku na dare yana zaune yana rera sautinsa. Da asuba akwai shimfiɗar da ya jiƙa. Duk ɗan Damagaram ya san abin da wanki ke nufi a watannin zafi, lokacin da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, jarkoki sun yi layi, ƴan garuwa sun ɗaga farashi. Gidan da ke wanke zannuwa kullum safiya ruwansa ya ninka na maƙwabta, kuma a kan yarinyar nan ake ɗauko shi. Ta isa lakwal a makare, ta sha faɗa wurin muse, ta yi gyangyaɗi a aji. Ta dawo, an miƙa mata shi don Inna ta ɗora tukunya. Idan ya sulale ya fita, ita za a tambaya.

Fitar nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Yara masu galahanga da yawa suna da halin ficewa ba tare da sanin haɗari ba, kuma ruwa yana jan su ƙwarai. A garin da ke da tafkuna da kududdufai da damina, ga kabu-kabu da adaidaita a kowane lungu, tsoron uwar yana da dalili. Amma a yi tunanin yarinya ƴar shekara 13 da aka ce mata, “In wani abu ya same shi, ke ce.” Wannan kaya ko babba ya ɗauka sai ya ji a wuyansa.

Na biyu shi ne hukunci iri biyu a gida ɗaya. Idan shi ya fasa kofi, “ƙyale shi, bai sani ba”. Idan ita ta fasa, bulala. Shi ba ya cin tuwo, sai taliya ko biredi da madara, kullum, don haka ana saya masa. Saura kuwa abin da aka dafa za su ci ko su kwana da yunwa. Wayar Inna tana hannunsa saboda ita kaɗai ke sa shi ya natsu, su ko taɓa ta ba su isa ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalili mai ƙarfi a wurin iyaye. Zaɓen abinci a wajen irin yaran nan ba shagwaɓa ba ce, laushin abu ko warinsa ne ke gagarar su. Amma ɗan shekara shida da ke kallon biredin ba ya ganin dalili, biredi yake gani.

Na uku shi ne abubuwan da ake fasawa. Ranar hawan Sallah yaran unguwa sun yi ado sun nufi ƙofar fada kallon dawaki, su suna gida, domin algaita da tambura da cunkoso za su birkita shi. Bikin dangi, ko dai a bar ta da shi a gida, ko a je a dawo tun ba a ci abinci ba. Ƙawaye sun daina zuwa tun ranar da ya tuɓe a gabansu.

A kan duk wannan sai a ɗora kalma ɗaya: “Yi haƙuri, ke ce babba.” Ana cewa babba juji ne, gaskiya ne, amma da dattijo ake, wanda ya ga jiya ya ga yau. Ƴar shekara 13 ba ta kai a mai da ta juji ba. Wani lokaci ma ƙane ne ake mayarwa babba. Na san yaro ɗan shekara tara da ke ɗaura wa yayansa ɗan shekara 12 wando, ya riƙe masa hannu su tsallaka titi. A al'adar da ƙarami ke rusunawa babba, ba wanda ya faɗa masa yadda zai yi da wannan juyin.

Abin da bakin duniya ke ƙarawa

Da a ce wahalar ta tsaya a cikin gida, da da sauƙi. A waje akwai sunaye: dolo, gaula, mahaukaci, ɗan ruwa. Sunan nan na ƙarshe ya fi muni, domin yana nufin yaron ba mutum ba ne, aljanu ne suka yi musanya. Yarinyar da ta ji manya suna faɗin haka, ta ga ana turara ɗaki da hayaƙi, ana kai shi wajen wannan da wancan, da dare kuma a ce ta kwanta kusa da shi, me ake so ta ji? Waɗansu yaran tsoron ɗan'uwan nasu suke yi kafin haushi ya zo. Addu'a da tofi ba su da laifi, kowane Musulmi yana yi wa ɗansa. Inda ɓarnar take shi ne a bar yara da labarin aljanu a matsayin bayani kaɗai.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, abin yakan hau kan tsohon miki. Muna da kalmar ƴan ubanci tun kafin mu ji sunan otizim. Idan uwar yaron ta zargi kishiya da sammu, ƴaƴan ɗakin can sun zama abokan gaba ke nan, kuma duk kuɗin da maigida ya kashe a kan yaron, can ɗakin ana lissafi. Idan kuma ɗaya ɗakin ne ke yi wa wannan gori, “ɗakin masu haihuwar gaulaye”, to yaran wannan ɗaki za su tashi suna jin ɗan'uwansu ne ya ja musu raini.

Kuɗin ma magana ce. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne; Kano ta fi kusa, shi ya sa waɗansu ke tsallakawa can neman likitan ƙwaƙwalwar yara. Kuɗin mota, masauki, gwaje-gwaje, ga na masu magani da kowannensu ke alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai. An sayar da tunkiya, an sayar da ƴan kunnen Inna. Sai lokacin komawa makaranta ya zo a ce wa saura su yi haƙuri da tsohuwar jaka. Jinyar yara kyauta da aka fara a Nijar a 2006 ta ƴan ƙasa da shekara biyar ce, alhali bukatar wannan yaro a lokacin ma take ƙara girma.

Sai kuma aure, wanda ba a faɗa da ƙarfi amma kowace budurwa a irin wannan gida tana tunaninsa. Dangin saurayi za su yi bincike, wata tsohuwa za ta ce, “Gidan nan fa akwai abu a jininsu.” A nan ya kamata a faɗi gaskiya yadda take. Binciken da Sally Ozonoff ta Jami'ar Kalifoniya ta jagoranta ya nuna a 2011, ya kuma sake nunawa a 2024, cewa idan iyaye sun haifi yaro mai otizim, kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen da za su biyo shi suna iya kasancewa da shi. Wannan lissafin ƙanne ne na iyaye ɗaya, kuma ko a nan huɗu cikin biyar ba su da shi. Ga ƴaƴan da ƴar'uwarsa lafiyayya za ta haifa, yiwuwar ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Amfanin sanin wannan adadi shi ne a sa ido kan ƙananan gidan don a gane da wuri, ba a mai da shi dalilin fasa aure ba.

Iyaye su ma suna da abin faɗa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da na yi wa ƴar'uwata maganar marin, kuka ta fashe da shi. Ta ce, “Yaya, hannu biyu gare ni. Wannan in na sake shi minti biyar sai a tsinto shi a titi. Waccan tana da baki, tana da hankali, tana iya jira.” Ba ta yi ƙarya ba. Shekara bakwai ba ta yi barcin dare cikakke ba, dangin miji suna ganin daga wajenta abin ya fito, maigida kuma ya fi daɗewa a majalisa tunda gida ba natsuwa. Maganar da ƴarta ta faɗa ta soke ta ne a inda ya fi ciwo, watakila ma don ita kanta a wani dare mai tsawo zuciyarta ta taɓa raya mata makamancin haka, ta yi istigfari ta danne.

Masu kallo daga waje sun kasu biyu. Waɗansu na cewa yaran zamani ne ba su da juriya, da can ana rainon kowa ba a jin ƙorafi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yarda da karin maganar, ba wanda ya ce a yar da kowa. Amma rashin jin ƙorafi a da ba ya nufin babu ciwo. Akwai matan da suka haura shekara arba'in yau da har yanzu muryarsu ke rawa idan suka tuna an cire su daga makaranta don raino. Kuma gidan da ya fi na yanzu hannaye: kaka, gwaggo, matan baffanni, duk a tsakar gida ɗaya. Yau ma'aikaci yana haya ɗaki biyu a Sabon Gari ko wata sabuwar unguwa, daga shi sai matarsa, nauyin da mutum goma ke rabawa ya dawo kan yarinya ɗaya.

Waɗansu kuma na cewa iyayen ne ke nuna bambanci, addini kuwa ya hana. Suna kafa hujja da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Buhari da Muslim, inda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin ƴaƴa. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun bambanta kyautar fifiko da ciyarwar bukata. An ruwaito daga Imamu Ahmad cewa babu laifi a keɓe wani ɗa da ƙari saboda lalura irin ta makanta ko doguwar rashin lafiya. Ashe biredin nan ba zalunci ba ne. Sai dai adalci bai tsaya kan abin da ake saya da kuɗi ba. Idan yini ya wuce ba a kira sunan yarinya ba sai don a aike ta, an tauye mata wani haƙƙi, ko da ba da niyya ba.

Akwai kuma wanda ake magana a kansa, yana zaune a gefe yana juya murfin kwalba. Rashin magana ba rashin ji ba ne. Da yawa cikin masu otizim da suka girma suka samu hanyar bayyana kansu sun faɗi cewa suna fahimtar abin da ake cewa a gabansu tun suna ƙanana. Bai zaɓi yanayinsa ba, bai tsoma littafin nan don mugunta ba. Ɗigar ruwan ce ta burge shi. Shi ya sa nake ganin hanya mafi kusa ta kare shi daga irin wannan magana ita ce a rage wa mai faɗin ta kaya.

Abin da masu bincike suka gano

A 2019 Carolyn Shivers da abokan aikinta sun tattara sakamakon rukunoni 69 na bincike kan ƴan'uwan masu otizim. Sun samu cewa, a jimlace, sun fi sauran yara fama da damuwa da ƙuncin zuciya, amma tazarar ba ta da girma sosai, kuma ta bambanta ƙwarai daga gida zuwa gida. Wato ba ƙaddara ba ce cewa duk wanda ya tashi da irin wannan ɗan'uwa zai lalace. Abin da bincike da dama suka nuna yana ƙara wahalar shi ne tsananin halayen yaron, kamar duka da cizo da fashe-fashe, da kuma yawan damuwar uwa. Galibin wannan aiki a Turai da Amurka aka yi shi, inda iyali ƙanana ne kuma akwai makarantu na musamman, don haka a ganina nauyin raino a nan ya fi abin da alƙalumansu ke nunawa.

Tun 1982 wani malami mai suna Don Meyer ya fara haɗa irin waɗannan yara a birnin Siyatil, su yi wasa, su faɗi abin da ke ransu ba tare da an ce musu marasa imani ba. Dabarar ba ta bukatar gini ko na'ura. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da wani shiri na koya wa iyaye dabarun renon yara masu jinkirin girma, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, kuma ba sai ƙwararren likita ne ke koyar da shi ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Duk aji ɗaya da aka buɗe wanda zai karɓi yaro mai galahanga na awa huɗu a yini, yarinya ɗaya ce aka mayar kan bencinta.

Idan aka yi shiru, ina abin ke zuwa?

Haushin da aka hana fita ta baki yakan fita ta wata ƙofa. Wata ta riƙa mintsinin yaron idan ba kowa, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara. Wata ta zama shiru-shiru, ba ta neman komai, ana yabon ta da hankali alhali ta yanke ƙauna ne. Wata ta amince da mijin farko da ya zo, tana shekara 15, don kawai ta bar gidan. Namiji kuma ya koma kwana a waje. A gidajen da aka kai ga kulle yaro a ɗaki ko ɗaure masa ƙafa, wanda bai kamata a yi wa ɗan Adam ba, sau da yawa ɗan'uwansa ake ba wa makulli, ya tashi da wannan a zuciyarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne gaba. Iyaye za su tsufa, za su rasu, mai galahanga kuwa zai zama magidancin shekara talatin ko arba'in, kuma a ƙasarmu inda zai koma gidan ɗan'uwa ne ko ƴar'uwa. Wanda aka tilasta wa raino yana ƙarami ba tare da bayani ko godiya ba, shi ne ake sa ran zai buɗe ƙofarsa a lokacin, ya kuma shawo kan matarsa ko mijinta. Zumuncin da za a dogara da shi nan da shekara ashirin, yanzu ake gina shi ko ake rushe shi. Ya kamata tun iyaye na da rai a zauna a yi maganar wa zai riƙe shi, da me, da yadda za a tsare masa rabonsa na gado.

Abin da gida zai iya tun yau

Ba sai an jira ƙwararru daga Yamai ba. Farko a yi wa yaran bayani daidai shekarunsu, da sunan abin: ƙwaƙwalwarsa daban take aiki, ba aljani ba ne, ba laifin kowa ba ne, ba zai shafe ku ba. A sake yi bayan shekara, domin tambayar ɗan shekara shida daban take da ta ƴar shekara 15. A raba rainon har da maza, a sa masa lokacin farawa da na ƙarewa, kada kuma ya ci makaranta. Idan yaron yana duka ko cizo, a kare wanda ake duka. “Bai sani ba” bayani ne, amma ba ya hana ciwo. Shi ma a koya masa iyaka gwargwadon fahimtarsa, domin suna koyo, a hankali, da maimaici. Idan akwai farfaɗiya, wadda takan zo tare da otizim, ko rashin barci mai tsanani, a kai shi asibiti, sauƙin da zai samu sauƙin gidan ne gaba ɗaya. Uba kuma ya rage zaman majalisa. Awa ɗaya da zai riƙe yaron bayan la'asar tana sauya yinin mutum biyu.

Mafi wuya shi ne a bar yaro ya ce “na gaji” ba tare da an kira shi marar imani ba. Uwa tana iya cewa, “Na sani, ni ma ina gajiya, amma ba ma faɗin waccan magana a gabansa.”

A gidan ƴar'uwata kakar yaran ce ta fara motsawa. Ta aika aka sayo ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo, ta rataya wa yarinyar makullin a wuya, ta ce duk abin da ke ciki nata ne ita kaɗai. Ta kuma ɗauki rainon safiyar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, don uwa da ƴa su tafi Kasuwar Dole tare, su biyu. Wata ƙawarta ta ara mata littafi, ta kwashe kwana tara tana kwafe darussan da suka jiƙe. Da na je gidan makon jiya na tambaye ta yaya ƙanen nata, ta ce, “Tanti, jiya ma ya hana ni barci.” Yana jingine da bayanta a lokacin, yana wasa da igiyar makullin, ita kuma tana ta rubutunta.